Amurka da Al'ummar Blackfoot: Tarihin Yarjejeniyoyi, Ƙasa da Kuɗin Amana

Ranar 10 ga Yuni, 1996, wata ma'aikaciyar banki mai suna Elouise Cobell ta shigar da gwamnatin Amurka ƙara a kotun tarayya da ke Washington. Buƙatarta ɗaya ce: gwamnati ta fito da lissafin kuɗin da ta daɗe tana karɓa a madadin 'yan asalin ƙasar, na hayar filayensu da man fetur da katako da kiwo, tun daga 1887. Shari'ar ta ci shekara 13 kafin a kai ga sulhu, kuma har aka gama ta gwamnati ba ta iya kawo lissafin ba. Cobell 'yar al'ummar Blackfoot ce ta jihar Montana, kuma wannan ƙara ta samo asali ne daga wata dangantaka da ta faro shekara 190 kafin ranar, wadda a cikinta gwamnatin tarayya ta naɗa kanta mai riƙon amanar ƙasa da dukiyar wannan al'umma.

Su wane ne Blackfoot

Blackfoot ƙawance ne na al'ummomi huɗu masu harshe ɗaya: Siksika, da Kainai, da Piikani ta Arewa, da Piikani ta Kudu, wato Amskapi Piikani. Suna kiran kansu Niitsitapi, ma'ana mutanen asali. Kalmar Siksika na nufin baƙar ƙafa, kuma daga ita Turawa suka fassaro sunan Blackfoot. Ana cewa launin takalmansu na fata ne ya jawo sunan. Ukun farko suna lardin Alberta na Kanada a yau. Ta huɗun ce ke Amurka, inda sunanta a hukumance yake Blackfeet Nation, kuma ita ce wannan bayani ya fi mayar da hankali a kanta.

Ƙasarsu ta dā ta tashi daga kogin Saskatchewan ta Arewa har zuwa kogin Yellowstone a kudu, duwatsun Rocky kuma suna yammacinta. Rayuwarsu ta dogara kacokan ga ɓaunar filayen Amurka: namanta abinci, fatarta tanti da tufafi, ƙashinta kayan aiki. Dawaki sun iso gare su wajen shekarun 1730, bindigogi kuma suka biyo ta hanyar cinikin fata da Turawan Ingila na arewa. Da waɗannan biyun suka zama cikin al'ummomi mafiya ƙarfi a arewacin filayen nahiyar. Ba su da sarki guda. Kowace ƙungiya da shugabanta, wanda ake bi saboda jarumtarsa da kyautarsa. Wannan tsari zai zama abin da jami'an Amurka suka kasa ganewa, ko suka ƙi ganewa, duk lokacin da suka ɗora laifin mutum ɗaya a kan al'umma gaba ɗaya.

A 1803 Amurka ta sayi yankin Louisiana daga Faransa a kan dala miliyan 15, kuma kudancin ƙasar Blackfoot na cikin abin da aka sayar. A 1818 Amurka da Birtaniya suka amince layi na 49 ya zama iyakarsu har zuwa duwatsun Rocky, layin da ya ratsa ƙasar Blackfoot ya raba ta biyu. Ba a tuntuɓi masu ƙasar a ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Haɗuwar farko da yarjejeniyar 1855

Haɗuwar farko da wakilin gwamnatin Amurka da jini ta ƙare. A ƙarshen Yuli, 1806, Kyaftin Meriwether Lewis, ɗaya daga cikin jagororin tawagar da Shugaba Thomas Jefferson ya aika ta binciko yamma, ya ci karo da samari takwas 'yan Piikani kusa da kogin Two Medicine. Suka kwana wuri ɗaya. Cikin hira Lewis ya shaida masu cewa Amurka za ta yi ciniki da maƙwabtansu, waɗanda abokan gābarsu ne. Da asuba samarin suka yi yunƙurin kwashe bindigogi da dawaki, aka soke ɗaya da wuƙa, Lewis ya harbi wani. Kafin ya gudu ya bar lambar zaman lafiya ta gwamnati rataye a wuyan gawar, don a san wanda ya yi aikin.

Shekaru da dama bayan haka Blackfoot ba su yarda Amurkawa masu ɗana tarko su shiga ƙasarsu ba. Sai a 1831 kamfanin American Fur Company ya samu kafa sansanin ciniki a bakin kogin Marias. Cinikin ya zo da annoba. A 1837 wani jirgin ruwan kamfanin mai suna St. Peter's ya hau kogin Missouri ɗauke da masu cutar agana, kuma an ƙiyasta ta kashe kusan mutum 6,000 cikin Blackfoot.

A 1851 gwamnati ta zauna da wasu ƙabilu a Fort Laramie, aka shata wa Blackfoot iyaka a takarda alhali ba su halarci zaman ba. Yarjejeniya ta farko da suka sa wa hannu da kansu ita ce ta 17 ga Oktoba, 1855, a mahaɗar kogin Judith da Missouri, wadda aka fi sani da sunan shugaban Piikani, Lame Bull. Babban wakilin gwamnati shi ne Isaac Stevens, gwamnan yankin Washington, wanda hanyar jirgin ƙasa zuwa tekun Pasifik ce babbar damuwarsa. Amurka ta amince cewa yanki mai faɗi a arewacin Montana na yau na Blackfoot ne, aka kuma keɓe wani ɓangare a kudu maso yamma ya zama wurin farauta na haɗin gwiwa da wasu ƙabilu na shekara 99. Blackfoot suka yarda a gina hanyoyi da layin waya da sansanonin soja a ƙasarsu. Gwamnati ta yi alkawarin kayan dala 20,000 kowace shekara har shekara 10, da ƙarin dala 15,000 a shekara don koyar da noma da karatu da addinin Kirista.

Abin lura shi ne ba a hannun Blackfoot ake danƙa waɗannan kuɗi ba. Wakilin Hukumar Kula da Al'amuran Indiyawa ne ke riƙe su, shi ke sayen kaya, shi ke rabawa, shi kuma ke rubuta rahoton yadda aka kashe. Tushen wannan tsari na cikin hukuncin Kotun Ƙoli na 1831, inda Alƙalin Alƙalai John Marshall ya bayyana ƙabilun a matsayin al'ummomi na cikin gida masu dogaro da Amurka, ya kwatanta alaƙar da ta yaro da waliyyinsa. Waliyyi dai shi ke riƙe dukiyar yaro, kuma a wannan karon babu wanda ke binciken waliyyin.

Kisan kogin Marias

Shekara 99 da aka rubuta ba ta kai ko 10 ba. An gano zinare a Montana a 1862, dubban masu haƙa da makiyaya suka kwararo, aka kafa yankin Montana a 1864. An ƙulla sababbin yarjejeniyoyi biyu da Blackfoot a 1865 da 1868, amma Majalisar Dattawa ba ta amince da ko ɗaya ba, yayin da baƙin suka ci gaba da mamaye filayen kamar an riga an sallama masu. 'Yan kasuwar barasa suka cika ƙasar, satar dawaki da kashe-kashen ramuwa suka yawaita daga ɓangarorin biyu.

A Agustan 1869 wani ɗan Piikani mai suna Owl Child da abokansa suka kashe Malcolm Clarke, wani attajirin makiyayi Bature mai auren 'yar'uwarsa, bisa wata tsohuwar gāba ta iyali. Sojoji suka nemi a miƙa masu makasan, waɗanda aka ce sun fake a zangon shugaba Mountain Chief. Janar Philip Sheridan ya ba da umarnin a kai wa zangon hari mai tsanani, aka ɗora wa Manjo Eugene Baker aikin.

Da asubar 23 ga Janairu, 1870, cikin tsananin sanyi, dakarun Baker suka kewaye wani zango a bakin kogin Marias. Ba na Mountain Chief ba ne. Shi ya riga ya tashi. Na Heavy Runner ne, shugaban da aka sani da zaman lafiya da Amurkawa, wanda har yake da takardar shaida daga jami'an gwamnati. Ɗan jagoran sojojin, Joe Kipp, ya gane zangon ya kuma gargaɗi Baker. Heavy Runner ya fito daga tantinsa riƙe da takardar, aka harbe shi. Mafi yawan mazan zangon sun fita farauta, sauran mutanen kuma agana na cin su. Sojoji suka yi ta harbi cikin tantuna.

Ƙidayar rundunar soja ta ce mutum 173 aka kashe, wasu shaidu kuma sun ce adadin ya haura 200. Baker ya rubuta cewa mafi yawansu mayaƙa ne. Wakilin hukumar Indiyawa, Laftanar William Pease, ya tattara nasa bayanin daga waɗanda suka tsira: cikin 173 ɗin, 90 mata ne, 50 yara ne 'yan ƙasa da shekara 12, 18 dattawa, maza masu shekarun yaƙi kuwa 15 kacal. Soja ɗaya ya mutu. An kama mata da yara kusan 140, amma da aka ga akwai agana a cikinsu sai aka sake su cikin ƙanƙara bayan an ƙone tantunansu an kwashe dawakinsu.

Da rahoton Pease ya isa jaridun gabashin Amurka, an yi ta ce-ce-ku-ce, har Majalisar Dokoki ta jingine shirin mayar da hukumar Indiyawa ƙarƙashin Ma'aikatar Yaƙi. Iyakar abin da ya biyo baya ke nan. Sheridan da Janar William Sherman sun kare Baker, kuma ba a taɓa gurfanar da shi ba. Piikani ba su sake ɗaukar makami a kan Amurka ba.

Yadda ƙasar ta tafi

Wanda ya bi diddigin takardu zai ga cewa mafi yawan ƙasar Blackfoot bayan yaƙi aka rasa ta, da alƙalami. A 1871 Majalisar Dokoki ta daina ƙulla yarjejeniya da ƙabilu a matsayin ƙasashe. Daga nan umarnin shugaban ƙasa ko dokar majalisa sun wadatar. A 1873 da 1874 Shugaba Ulysses Grant da majalisar suka matso da iyakar kudu zuwa Birch Creek da kogin Marias, aka buɗe wa makiyaya mafi kyawun filayen farauta, ba a biya ko sisi ba.

Sai ɓauna ta ƙare. Masu farautar fata sun karkashe garkunan da a dā suke miliyoyi, kuma zuwa 1883 mafarautan Piikani suka fita suka dawo hannu rabbana. Al'ummar da ke ciyar da kanta ta koma jiran rabon abinci a ƙofar ofishin wakilin gwamnati, abincin kuma bai isa ba, domin kuɗin da majalisa ta ware bai kai yawan bakunan da ke jira ba. A hunturun 1883 zuwa 1884, wanda Piikani ke kira Hunturun Yunwa, kusan mutum 600 suka mutu, wato kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na al'ummar. Wani mutum mai suna Almost-a-Dog ya riƙa yin tsaga a jikin sanda duk lokacin da aka yi rashi, ya kai 555. An binne da yawa daga cikinsu a wani tudu kusa da tsohon ofishin hukumar, wanda ake kira Ghost Ridge har yau.

Da mutanen da suka fito daga wannan hali gwamnati ta zauna cinikin ƙasa. A yarjejeniyar da majalisa ta tabbatar a 1888, Blackfeet da ƙabilun Gros Ventre da Assiniboine da Sioux suka sallama kimanin eka miliyan 17 da rabi, aka yanka wa kowa ɗan keɓaɓɓen yankinsa. Rabon Blackfeet dala 150,000 ne a shekara har shekara 10. Kafin wa'adin ya cika, jita-jitar tagulla da zinare a duwatsun yammacin yankin ta sa aka sake turo tawaga a 1895, cikinta har da George Bird Grinnell, marubuci kuma mai rajin kare daji wanda Piikani suka ɗauka aboki ne. Shugabannin Blackfeet sun nemi dala miliyan 3 a kan kusan eka 800,000. Tawagar ta tsaya a kan miliyan 1 da rabi, kuma da yake kuɗin 1888 na dab da ƙarewa, tunanin wani hunturun yunwa na zukatan kowa, suka karɓa. Sai dai sun sa an rubuta cewa suna da 'yancin shiga yankin, da yanke itace, da farauta, da kamun kifi, muddin yana cikin filayen gwamnati.

Ba a samu ma'adinin kirki ba. A 1910 majalisa ta mayar da babban ɓangaren yankin gandun dajin ƙasa na Glacier, Grinnell na cikin manyan masu fafutukar kafa shi, gwamnati kuma ta ce daga ranar 'yancin farauta ya faɗi. Kamfanin jirgin ƙasa na Great Northern ya riƙa ɗaukar 'yan Blackfeet su sa kayan gargajiya su tarbi masu yawon buɗe ido a ƙofar otal, a ƙasar da aka hana su farauta a cikinta. Tun 1903 Kotun Ƙoli ta riga ta yanke cewa majalisa na da ikon soke yarjejeniyar da aka yi da ƙabila ita kaɗai, saboda haka ƙofar ƙorafi ƙunci gare ta.

Ko da suka yi nasara a kotu, lissafin a hannun gwamnati yake. A 1935 kotun sauraron da'awa ta tarayya ta yanke cewa ana bin gwamnati fiye da dala miliyan 6 saboda ƙasar da aka karɓe. Sai aka cire kimanin miliyan 5 da rabi, a matsayin kuɗin da gwamnati ta ce ta kashe wa ƙabilar a tsawon shekaru. Abin da ya rage dala dubu 600 da 'yan kai ne.

Rabon filaye da makarantun kwana

Dokar Dawes ta 1887 ta zo da wata dabara: a yanyanka ƙasar ƙabila a raba wa ɗaiɗaikun mutane, abin da ya yi saura a sayar wa baƙi. An ce manufar ita ce a mayar da Ba'indiye manomi mai gonar kansa. Sakamakon a faɗin Amurka shi ne ƙasar da ke hannun ƙabilu ta sauko daga eka miliyan 138 a 1887 zuwa miliyan 48 a 1934. Dokar raba yankin Blackfeet ta fito a 1907, kowane mutum eka 320.

Filin na mutum ne, amma takardar mallakar na hannun gwamnati a matsayin amana. Ita ke ba da hayarsa ga makiyayi ko kamfanin mai, ita ke karɓar kuɗin ta zuba a asusun da ta buɗe da sunan mai filin, ita ke aiko masa da abin da ta ce nasa ne, sau da yawa ba tare da takardar bayani ba. Waɗanda aka ce sun isa riƙe dukiyarsu aka danƙa masu takardun mallaka, wasu ba tare da sun nema ba, nan da nan haraji da bashin 'yan kasuwa suka cinye filayen. Sauran filayen kuma gādo ya riƙa tsattsaga su a takarda: mai fili ya mutu, 'ya'ya su gāji kaso, jikoki su gāji kason kaso, har fili ɗaya ya zama na ɗaruruwan mutane, kowa da asusunsa. Da aka fara haƙo mai a kewayen Cut Bank wajen farkon shekarun 1930, akwai iyalan da ke kallon injin na zuƙo mai a filinsu dare da rana, su kuwa ba su san nawa ake biya a kansa ba.

A daidai wannan zamani ake kwashe yara zuwa makarantun kwana, kamar ta mishan ɗin Holy Family da aka buɗe a 1890 a bakin Two Medicine, ko Carlisle mai nisa a jihar Pennsylvania. Ana aske masu gashi, a sauya masu suna, a hukunta wanda ya yi magana da harshensu. Binciken da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta kammala a 2024 ya lissafa irin waɗannan makarantu 417 a faɗin ƙasar, ya kuma tabbatar da mutuwar yara aƙalla 973 a cikinsu. Shugaba Joe Biden ya nemi gafara a hukumance a Oktoban shekarar.

An bai wa 'yan asalin Amurka duka matsayin 'yan ƙasa a 1924. Dokar 1934 ta tsayar da rabon filaye, kuma a ƙarƙashinta Blackfeet suka rubuta tsarin mulkinsu a 1935, suka kafa zaɓaɓɓiyar majalisa mai hedikwata a garin Browning. Asusun amana dai ya ci gaba da zama a Washington.

Shari'ar Cobell

An haifi Elouise Cobell a 1945 a yankin Blackfeet, kuma tattaɓa-kunnen Mountain Chief ce, mutumin da Baker ya fita nema a 1870. Ta taso tana jin dattawa na ƙorafin kuɗin da ba ya zuwa. Ta karanci aikin akanta, ta riƙe muƙamin ma'ajiyar ƙabilar na shekara 13, inda ta ga alƙaluman da hukumar ke aikowa ba sa haɗuwa da juna. A 1987 ta jagoranci kafa Blackfeet National Bank. Ta yi shekaru tana zarya zuwa Washington. A 1992 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya fitar da rahoton da ya tabbatar da ɓarnar, a 1994 aka yi dokar gyara, amma lissafi bai fito ba. Shi ya sa ta tafi kotu, a madadin masu asusu kusan 300,000, adadin da daga baya aka ƙiyasta ya kai 500,000.

Abin da ya fito a gaban Mai Shari'a Royce Lamberth ya wuce abin da masu ƙarar suka zata. A Fabrairun 1999 ya sami Sakataren Cikin Gida Bruce Babbitt da Sakataren Baitulmali Robert Rubin da laifin raina kotu saboda ƙin kawo takardun da aka umarta. Daga baya aka gano cewa jami'an Baitulmali sun lalata akwatunan takardu 162 ana tsakiyar shari'ar. A Disamban 1999 alƙalin ya yanke cewa gwamnati ta saɓa wa wajibinta na mai riƙon amana, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2001. A wannan shekarar mai binciken da kotu ta naɗa ya sa ƙwararru suka kutsa cikin kwamfutocin ma'aikatar, har suka buɗe asusun bogi ba wanda ya lura, abin da ya sa alƙalin ya ba da umarnin cire ma'aikatar daga intanet. Gwamnatin Clinton ta 'yan Democrat da ta Bush ta 'yan Republican duk hanya ɗaya suka bi wajen jan ƙafa. A 2006 kotun ɗaukaka ƙara ta cire Lamberth daga shari'ar bisa buƙatar gwamnati, tana cewa zafin kalamansa ya sa ana shakkar adalcinsa.

Wanda ya gaje shi, James Robertson, ya yanke a 2008 cewa cikakken lissafi ba zai yiwu ba. Masu ƙara sun nemi dala biliyan 47, shi kuma ya ba da miliyan 455.6. A Disamban 2009 gwamnatin Obama ta amince da sulhun dala biliyan 3.4: biliyan 1.5 ga masu asusu, biliyan 1.9 don saye guntayen kason gādo a mayar wa ƙabilu, da wani kaso na tallafin karatu. Majalisa ta amince a 2010. Adadin na da girma a ido, amma kason farko da ya isa hannun kowane mai asusu dala 1,000 ne, kuma akwai waɗanda suka soki sulhun cewa an sayar da haƙƙin sanin gaskiyar abin da ya ɓace da araha. Amsar Cobell ita ce dattawan da ake yi dominsu suna ta mutuwa ana jira. Ita ma ba ta ga biyan ba: ciwon daji ya yi ajalinta ranar 16 ga Oktoba, 2011, kuɗin suka fara fita a ƙarshen 2012. Shirin sayen kason gādo ya mayar wa ƙabilu kusan eka miliyan 3 kafin ya ƙare a 2022.

Ɗaya gefen iyaka

'Yan'uwansu na Kanada sun bi wata hanya da ta ɓulle kusan wuri ɗaya. Shugabanni irin su Crowfoot na Siksika da Red Crow na Kainai sun sa hannu a Yarjejeniya ta 7 a Satumban 1877, bisa alkawarin murabba'in mil ɗaya ga kowane iyali mai mutum biyar. A 1910 gwamnatin Kanada ta karɓe kusan eka 115,000 na Siksika, wato kusan rabin yankinsu. Sai a Yunin 2022 Firayim Minista Justin Trudeau ya sa hannu a kan diyyar dalar Kanada biliyan 1.3.

Abin da ya rage a teburi

Yankin Blackfeet a yau kimanin eka miliyan 1 da rabi ne, mambobin ƙabilar masu rajista kuma sun kai kusan 17,000. A 2016 Majalisar Dokoki ta amince da yarjejeniyar haƙƙin ruwa, wadda ta ƙunshi dala miliyan 422 daga tarayya da miliyan 49 daga jihar Montana, 'yan ƙabilar suka kaɗa ƙuri'ar amincewa a 2017.

Rikicin yarjejeniyar 1895 ne bai mutu ba. Ɓangaren da bai shiga gandun Glacier ba, wanda ake kira Badger-Two Medicine, mai kusan eka 130,000, wuri ne mai tsarki ga Blackfeet. A farkon shekarun 1980 gwamnati ta raba wa kamfanoni lasisin neman mai da iskar gas a cikinsa ba tare da ta tuntuɓi ƙabilar ba. An yi shekara 40 ana fafatawa, marigayi Earl Old Person, wanda ya daɗe yana shugabantar ƙabilar, na kan gaba, har kamfani na ƙarshe, Solenex, ya ajiye lasisinsa a Satumban 2023 bayan an biya shi dala miliyan 2.6. A cikin gandun kansa, wata kotun tarayya ta yanke a 1974 cewa ɗan Blackfeet na da 'yancin shiga ba tare da biyan kuɗin ƙofa ba, wata kuma ta yanke a 2000 cewa 'yancin farauta ya faɗi da kafa gandun, hukuncin da da yawa cikin 'yan ƙabilar ba su yarda da shi ba.

A Yunin 2023 ƙabilar ta saki gomman ɓauna a filinta kusa da dutsen Ninaistako, wanda Turawa ke kira Chief Mountain, dab da iyakar gandun Glacier da ta Kanada. Dabbobin zuriyar garken da aka kwaso ne daga gandun Elk Island na Alberta a 2016, kuma an sake su ne ba tare da shinge tsakaninsu da gandun ba.